Shekarar da Baba Ya Ajiye Makulli

A gidanmu ba wanda zai iya tuna ranar da ya fara hawa babur, don tun mutum bai yi wayo ba an riga an ɗora shi. Ni abin da na riƙe shi ne ɗumin tanki a cinyoyina, hannuwana riƙe da ƙarfen madubi, gemun Baba kuma yana sosa mini ƙeya duk lokacin da muka faɗa gargada. Ƙauyenmu yana kusa da Bagwai, inda gona ke manne da gona, gida na hango gida. Hanyoyinmu burtali ne da 'yan siraran turba tsakanin dawa da gero, kuma babu wadda tayar Baba ba ta taka ba.

Baba manomi ne, yana kuma taɓa sayar da irin albasa da na tumatir a kasuwannin kewaye. Da wannan sana'ar yake kafa hujja, amma kowa ya san ko babu kasuwa sai ya hau. Bayan la'asar zai ce zai je duba gona, gonar da ke nan bayan gida, sai a ji ƙarar mashin ɗinsa ta yi nisa ta wajen dam ɗin Watari. Ba ya dawowa sai ana shirin kiran magariba. Inna takan ce, "Gonar Malam dai kullum ƙara nisa take yi."

Mu uku ne 'ya'yansa: ni ne babba, sai ƙanena, sai autarmu mace. Dukkanmu shi ya koya mana, a fili ɗaya, bayan an kwashe amfani an tattare kara. Ba ya tsawa. Zai zauna a bayanka ya ɗora hannu a kan naka, ka ji yadda yake sakin kuloci a hankali, sai ka waiwaya wata rana ka ga yana can tsaye a gindin ɗorawa. Da autarmu ta nace ita ma, mutane sun yi ta magana, shi kuwa ya ce ƙafarta ta kai ƙasa, ai shi ke nan. Ta fi mu iya ratsa yashi. Tun da ta yi aure a Zakirai ba ta ƙara tuƙawa a waje ba, amma har yau idan mijinta ya shigo takan ce masa sarƙarsa ta saki, ya duba ya tarar haka ne. Ƙanena ya zama bakanike a Bagwai. Ni kuma na kama noman rani a Watari, kullum a kan mashin nake zuwa da dawowa, kuma ban taɓa jin hanyar ta ishe ni ba.

Inna ba ta taɓa tuƙawa ba, amma ta fi mu daɗewa a kan babur. A karkace take zama, ƙafafu gefe guda, hannu ɗaya riƙe da kariyar ɗaura kaya, ɗayan a kafaɗar Baba. Biki, suna, gaisuwar mutuwa, dubiya, duk haka suke zuwa tun ina goye.

Bara waccan ne abubuwa suka fara canzawa, mu kuwa ba mu lura ba sai daga baya. Baba ya rage gudu. Ya daina kaiwa magariba a waje. Ya riƙa goge madubi da gefen rigarsa yana cewa gilashin yanzu ba shi da kyau. Ya yi ta kai wa ƙanena mashin wai fitila ta dushe, a canza ƙwai, ya dawo ya ce wannan ma jabu ne. Muka ɗauka tsufa ne kawai da mitar tsofaffi.

Ina cikin ban ruwa a gonar albasa wata hantsi, sai wayata ta yi ƙara. Maƙwabcinmu ne. Ya ce, "Ka zo gida yanzu, Baba ya faɗi a burtali." Na ce yaya jikin, ya ce, "Kai dai ka zo," ya kashe. Ban kashe injin ban ruwa ba, ban sa takalmi ba. A hanyar nan babu irin tunanin da bai zo mini ba. Ina tafe ina kallon ko zan ga mutane sun doshi gidanmu da yawa, don na san abin da hakan yake nufi.

Na tarar da shi zaune a gindin darbejiyar ƙofar gida, an shimfiɗa masa tabarma. Hannun rigarsa ya yage, wuyan hannunsa na hagu ya kumbura, ga ƙujewa a goshi. Yana ganin inuwata ya ce, "Wane ne?" Na ce ni ne. Ya ce, "Je ka dubo mini mashin, ina jin kan ya karkace."

Na durƙusa a gefen tabarmar ina ta hamdala. Mutumin da ke tambayar kan babur ai da sauran ƙarfinsa. Mai ɗori ya zo ya duba ya ce targaɗe ne, ba karaya ba.

Sai da mutane suka ragu maƙwabcin ya ja ni gefe. Ya ce amalanken shanu ne a tsaye a gefen burtali, an kwance shanun ma, rana tsaka, babu komai a hanyar sai shi. Baba ya taho a hankali ya nufe shi sak, bai kauce ba, bai taka birki ba sai da ya zo daf.

Na shiga cikin gida na sami Inna a bakin murhu, ta zuba wa wuta ido, tukunya na ta tafasa ba ta kula ba. Na faɗa mata abin da aka ce. Inna ba ta kama sunana, kuma ba ta cika kallona ido cikin ido ba, kunyar ɗan fari. Ran nan ta ɗago ta dube ni.

Ta ce, "Na sani. Tun damina ba ya gani sosai. Ni nake gaya masa hanya."

Na ce, "Kamar yaya, Inna?"

Ta ce, "Ina bayansa. In na ga rami in ce rami. In akuya ce in ce akuya ta dama. In mutum ne in faɗa masa ko wane ne, ya gaishe shi da sunansa. Yau na ce ya jira ni in gama wanke-wanke, ya ce nan kusa ne."

Watanni ke nan tsofaffin nan biyu suna yawo a kan taya biyu da idon mutum ɗaya, suna wuce mu muna ɗaga musu hannu. Na tambaye ta me ya hana ta faɗa mana. Ta ce ya roƙe ta ne, don ya san muna ji za mu raba shi da mashin.

Gaskiyarsa kuwa, abin da muka yanke ke nan ni da ƙanena a daren. Sai dai da gari ya waye, kowa ya ce ɗan'uwansa ya faɗa. Ta yaya za ka dubi wanda ya koya maka riƙe kan babur ka ce masa ya kawo makulli? Muka yi ta kewaye-kewaye. Ƙanena ya ɗauke mashin ya kai shago wai gyara, ya yi ta ja da gyaran, yau babu kaya, gobe ba a kawo ba. Baba ya aika masa cewa idan ya manta aikin ne ya faɗa, a kai wa wani.

Autarmu ce ta raba gardamar. Ta zo daga Zakirai ranar wata Juma'a, ta shigo zaure ba ta yi sallama da ƙarfi ba, ta tsaya a gabansa. Baba ya ɗaga kai ya ce, "Sannu baiwar Allah, shiga, tana ciki." Ta tsuguna ta kama hannunsa mai lafiyar.

Ta ce, "Baba, ni ce fa."

Can ya ce, "Hasken ƙofa ne ya bugi idona."

Ta ce, "Baba, da yaro ne a burtalin nan ba amalanke ba fa?"

Ta miƙe ta shiga ciki tana share hawaye da bakin mayafi. Da yamma da aka dawo da mashin, ya sa aka tura shi cikin zaure. Ya laluba aljihu, ya kira Inna, ya miƙa mata makulli ya ce, "Ajiye." Ita kuma ta ɗaure shi a bakin zani.

Muka ce to sai asibiti. Nan kuma ya kafe. Yana da wani aboki tun na ƙuruciya wanda yanar ido ta rufe wa gani, wani mai maganin gargajiya da ke bin kasuwanni ya soke masa idon wai zai kawar da ita, daga nan bai ƙara ganin ko hasken rana ba har ya rasu. Baba ya ce shi yana ganin inuwa, yana bambance dare da rana, ba zai kai wannan ɗin ma a ƙarasa ba. Muka yi bayani cewa aikin asibiti daban ne. Liman ya yi masa magana. Ya ce ya ji, Allah ya saka da alheri, amma a'a.

Wannan ranin ya yi mana tsawo. Baba ya koma zaman zaure. Ya rage cin abinci, ya rage magana. Kowace safiya sai ya karɓi makulli a wurin Inna, ya buga kik, ya bar injin ya yi ɗumi, ya zauna a kai yana murza totur a hankali, mashin na tsaye a kan sitan. In ya gama ya kashe ya mayar mata. Ni in na zo fita gona, tura nawa nake yi har sai na wuce masallaci sannan in tayar, don kada ya ji.

Abin da ya karya shi daga wajen Inna ya fito. Jikar yayarta ta haihu a wani ƙauye gaba da Bichi, aka aiko ranar suna. Na ce ta shirya in kai ta. Ta ce ba za ta je ba. Ƙanena ya ce to shi. Ta ce a'a. Baba yana jin mu daga zaure, ya ɗaga murya ya ce, "Ke wai me ya hana ki? Yaran nan ai ni na koya musu."

Inna ta fito har bakin zaure, abin da ba ta cika yi ba in da mutane. Ta ce, "Malam, tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa hawa bayan kowa ba sai kai. Ba kuma yanzu da furfura zan fara ba. Ka zauna, ni ma na zauna. In ka ga dama mu ƙare a haka."

Ta juya ta koma. Ba ta je sunan ba. Aka yi rasuwa a danginsu bayan nan, ta aika da gaisuwa ta waya. Baba ya san abin da zumunci yake a wurinta. Wata asuba muna dawowa daga masallaci, ina riƙe da hannunsa, ya ce, "Wai asibitin nan, a cikin Kano yake?" Na ce e. Na ce zan samo mota. Ya ce shi mota amai take sa shi, in dai za a je a kan mashin za a je.

Haka na goya Baba a karo na farko a rayuwata. Da ya hau sai na ji kamar ban ɗauki kowa ba, ashe ya rame haka. Da farko ya ƙi riƙe ni, ya kama kariya ta baya, ya miƙe zaune kamar wanda aka tilasta. Ba mu bar burtali ba ya fara: "Canza giya mana, ba ka jin yana kuka?" Can kuma, "Wa ya ɗaure maka sarƙar nan?" Na ce ɗanka bakanike. Ya ce, "Ai na sani." Da muka hau kwalta manyan motoci suka fara wuce mu, iska na kaɗa mu, sai na ji hannuwansa sun zagayo cikina. Haka ya riƙe ni har Dawanau. Da muka shiga cunkoso ne ya matso kunnena ya ce, "Hannunka ya faɗa. Ba ka fizga."

Likitar da ta duba shi mace ce, ba za ta wuce sa'ar autarmu ba. Ta haska idon, ta sa shi a gaban na'ura, ta yi ta tambayoyi. Ni abin da nake tsoro shi ne a ce mun makara. Ta ajiye fitilar ta ce, "Baba, yanar ido ce, ta nuna sosai. Amma bayanta lafiya lau. Za mu cire ta mu sa maka wani ɗan gilashi a ciki. Ɗaya za mu fara yi."

Baba ya ce, "'Yata, tambaya ɗaya. Zan hau babur?"

Ta yi dariya ta ce, "Bari ka fara ganin babur ɗin tukuna."

Ranar aiki mu duka muka je, har Inna, wannan karon a mota, Baba na riƙe da leda saboda amai. Aikin bai daɗe ba. Ban gama zagayen baranda ina salati ba sai ga shi an turo shi, ido ɗaya a rufe da auduga da filasta, yana cewa shi bai ji komai ba sai ruwa mai sanyi. Muka kwana gidan wani ɗan'uwanmu a cikin gari. Washegari muka koma a buɗe.

Ma'aikaciyar jinya ta ɓare filastar a hankali, ta goge masa, ta ce ya buɗe. Ya ƙifta, hawaye ya zubo, ya sake ƙiftawa. Ya dubi bango, ya dubi tafin hannunsa, ya juya shi. Sannan ya ɗago ya tsaya a kaina, ya daɗe yana kallona.

Ya ce, "Kai, yaushe ka yi furfura haka?"

Ƙanena ya fashe da dariya har ya dafa bango. Autarmu ta rufe fuska da mayafi tana kuka. Ni kuwa wani nauyi da na daɗe ina ɗauke da shi a ƙirji ya sauka gaba ɗaya, har na ji jiri. Inna tana can gefe a rakuɓe, ba ta ce komai ba sai "Alhamdu lillahi" a hankali. Baba ya juya wajenta ya ce, "Wannan mayafin ashe kore ne. Ni duk a zatona toka-toka kike sawa." Ta ce, "Kai ka saya ai."

Sauran ya zama haƙuri. Maganin ɗigawa safe da yamma, ba sunkuyo, ba ɗaukar kaya, ba shiga iska. Inna ta tsare shi kamar mai jego. Da farkon damina aka yi ɗaya idon, shi ma Allah ya ba da sa'a. Da muka koma dubawa ta ƙarshe likitar ta ba shi tabarau, ta ce ya hau, amma da rana kawai, ban da babban titi, kuma da hular kwano. Ya amsa duk sharuɗɗan da sauri, ban da hular, wadda ya ce ta masu gadin banki ce. Ƙanena ya sayo ta duk da haka, Inna kuma ta ce babu hula babu makulli.

Ranar da ya fito da mashin, rabin unguwa sun taru a ƙofar gida kamar ana ɗaurin aure. Bai hau nan da nan ba. Ya zagaya shi, ya ga tsatsa a salansa, ya ga wata waya da aka ɗaure da leda, ya kira ƙanena ya nuna masa ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya yi bisimilla ya buga kik. Ya tafi a hankali har ƙarshen burtali, ya juya ba tare da ya sa ƙafa a ƙasa ba, ya dawo. Yara suka bi shi da ihu. Kashegari ya ɗauki Inna suka je gaisuwar da ta rasa da barkar da ba ta yi ba, duk a rana ɗaya. Ta ba mu labari cewa suna fita ta ce masa rami, don bakinta ya saba, ya ce na gani. Ta ce akuya, ya ce tunkiya ce.

Da aka kama noman rani na bana, wata safiya ina tsugune ina gyara kwamin albasa sai na ji ƙarar mashin a kan hanyar kanal. Na ɗago na hango farar hular kwano tana tahowa tsakanin gonaki. Ya kafe mashin a inuwar mangwaro, ya cire hular ya rataye, ya gyara tabarau, ya shigo gonar hannu a baya. Na gaishe shi, ya amsa a taƙaice, idonsa na ƙasa.

Ya ce, "Wa ya yi maka dashen nan?"

Na ce ni ne da 'yan ƙwadago.

Ya ce, "Ka cushe su. Albasa za ta yi kai a haka? Ga ciyawa can ta gefen ruwa. Wancan kwamin kuma ya fi sauran tudu, ruwa ba zai hau ba. Shekara biyu ina tambayarka gona kana ce mini lafiya lau."

Na sunkuyar da kai ina cewa to Baba, za a gyara, ina danne dariya. Ya bi kwamin nan kaf bai bar ko ɗaya ba, ni ina biye da shi da fartanya. Da rana ta yi zafi ya ce in aika a sayo mana rake. Muka zauna a bakin kanal muna sha, ƙafafunmu a cikin ruwa, yana nuna mini wasu fararen tsuntsaye can a ƙetaren dam yana tambaya ko ina hango su. Na ce ban gan su sosai ba. Ya ce to ni ma ya kamata in je a duba ni.